Ambato 12,000 da ma'aunin h 42: sun isa a ce mutum ya ƙware a binciken jijiyoyin jini?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina shirin fara digirin digirgir a kan yadda jijiyoyin jini ke aiki, kuma an haɗa ni da wani farfesa da zai duba aikina. Na leƙa shafinsa na Google Scholar na ga maƙaloli 140, an ambace shi sau 12,000 a rubuce-rubucen masu bincike, ma'aunin h ɗinsa kuma 42. Abokaina na cewa in rufe ido in bi shi. Waɗannan alƙaluma sun isa shaida?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Alƙaluman sun nuna cewa mutumin ya daɗe a fagen kuma ana karanta shi, wannan babu ja. Sai dai kada ka rufe idon tukuna, domin a cikin lambobin ukun da ka kawo akwai abin da ya sa ni son ganin jerin maƙalolin da kaina.

Bari mu fara da ma'aunin h, tunda shi ne aka fi yi wa kallon hukunci. Wani masanin kimiyyar fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, Jorge Hirsch, shi ya ƙirƙiro shi a 2005. Idan aka ce h ɗin mutum 42, ana nufin yana da maƙaloli 42 da kowacce aka ambace ta aƙalla sau 42. Iyakar abin ke nan. Maƙalar da aka ambata sau 3,000 da wadda aka ambata sau 43 duk ƙwaya ɗaya-ɗaya suke a wannan lissafi, sauran 98 da ba su kai ba kuwa kamar ba a rubuta su ba. Hirsch ɗin ya lura cewa jimillar ambaton mutum takan faɗa tsakanin ninki 3 zuwa 5 na h sau h. Ɗauki alƙalami: 42 sau 42 ya ba da 1,764, ninki 5 ɗinsa kuma 8,820. Farfesanka na da 12,000, wato kusan ninki 7. Ma'anar wannan ita ce akwai wasu 'yan maƙaloli, wataƙila biyu ko uku, da suka ɗauke kaso mai tsoka na ambaton. Ko dai ya taɓa gano wani babban abu, ko kuma sunansa ya shiga wata takarda ta taron dangi da kowa ke ambata. A shafin Google Scholar duka biyun kamarsu ɗaya, kuma a nan gizo ke saƙar.

Ba ka faɗa mini shekarar da ya fara wallafa ba, alhali ma'aunin h ba ya raguwa, ko mutum ya ajiye aiki ko ya rasu. Raba 42 da yawan shekarunsa a fagen. In shekara 30 ne ka sami 1.4, in 14 ne ka sami 3, kuma waɗannan mutane biyu ne daban. Hirsch ya ce h 20 bayan shekara 20 alamar mai bincike ne da ya yi nasara, amma da masana fiziks ya yi awonsa, kuma shi da kansa ya nuna cewa lambobin masu binciken halittu da lafiya sun fi haka girma. Ka kuma san cewa Google Scholar hannunsa a sake yake, yana ƙirga kundin ɗalibai da takardun taro da rubutun da ba a tantance ba, wani lokaci har ya haɗa wa mutum aikin mai suna irin nasa. Scopus da Web of Science, wasu rumbunan ƙirga ambato, sun fi tsantseni, kuma kusan kullum lambar da za su ba ka ta fi ƙanƙanta. In za ka gwada mutum biyu, ka auna su a ma'auni ɗaya.

To, yanzu ka jera maƙalolin daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa, ka tsaya a kan goman farko, ka tambayi kowacce: ke wace iri ce?

Wasu za ka tarar takardun ƙa'ida ne, waɗanda kwamiti na mutum goma ko ashirin ke zama ya rubuta. A fanninmu akwai gwajin da ake ɗaure hannun mutum na minti 5 a tsayar da jini, a saki, sannan a auna da na'urar hoton sauti yadda jijiyar damtse ta buɗe. David Celermajer da abokan aikinsa suka fito da shi a mujallar Lancet a 1992, aka kuma rubuta masa ƙa'idoji a 2002, aka sake a 2011 da 2019. Duk wanda ya yi wannan gwaji a duniya sai ya ambaci ɗaya daga cikin takardun nan. Wanda sunansa ya zo na tara a irin wannan takarda zai kwashi dubban ambato, kuma abin da hakan ke nunawa shi ne abokan sana'arsa na ganin girmansa har suka gayyace shi. Abin yabo ne, amma bai gaya maka abin da ya gano da hannunsa ba.

Wasu maƙalolin bita ne, inda mutum ke tattara abin da wasu suka gano ya tsara shi. Ni kaina, rubutun da aka fi ambata mini wata bita ce da na gama cikin wata uku, galibi da dare. Aikin da ya ci mini shekara huɗu a kan ƙananan jijiyoyin hanji, wanda har yau in na tuna wahalarsa sai bayana ya amsa, bai sami kashi ɗaya cikin goma na abin da bitar ta samu ba. Mai rubutu na cikin sauri, yana son abin da zai jingina jimlarsa ta farko da shi, sai ya miƙa hannu ya ɗauko bita mafi kusa. Sau da yawa ma ambaton da ya kamata ya je wa wanda ya yi gwajin asali, mai bitar ne ke karɓe shi.

Akwai kuma maƙalolin dabarar aiki. A lissafin da mujallar Nature ta fitar a 2014, takardar da ta fi kowace ambato a tarihin kimiyya ita ce ta Oliver Lowry ta 1951 a kan yadda ake auna yawan furotin, an ambace ta fiye da sau 300,000. Babu mai cewa ta fi aikin Einstein. A namu fagen misalin shi ne na'urar da Michael Mulvany da William Halpern suka bayyana a 1976 da 1977, wadda ake zura wayoyi biyu sirara cikin jijiyar da ba ta fi 'yan gasu kauri ba, a auna ƙarfin matsewarta. Irin wannan ina girmama ta fiye da biyun farko, domin mutane sun ɗauke ta sun kai ɗakin gwaji sun yi aiki da ita shekara da shekaru. In farfesanka na da irinta, ka samu malamin hannu.

Iri na ƙarshe, wanda shi muke nema, ita ce maƙalar da ta gano abin da ba a sani ba. Bari in ɗan daɗe a kan misali guda, domin shi nake auna saura da shi.

An daɗe da sanin cewa in aka sa sinadarin asetilkolin a jikin dabba mai rai, jijiyoyinta kan saki su buɗe. Amma in aka yanko jijiyar aka rataye ta a cikin ruwan gwaji aka zuba mata sinadarin, sai ta matse. Shekaru ana ganin wannan saɓani ana wucewa. A 1978, a ɗakin gwajin Robert Furchgott da ke Brooklyn a birnin New York, wani ma'aikaci ya kauce wa tsarin gwajin da aka shata masa, sai ga babbar jijiyar zomo ta saki maimakon ta matse. Wani malamin da sai ya yi faɗa ya ce a sake. Furchgott ya bi diddigi, har ya gano cewa yadda suka saba yanka jijiyar da taɓa ta yana goge wata siririyar shimfiɗa da ke lulluɓe da cikinta, kaurinta ƙwayar halitta ɗaya tak, wadda ake kira endotiliyom. In shimfiɗar na nan jijiya ta saki, in an goge ta ba ta saki. Ashe abin da ake ɗauka fenti ne kawai a bangon bututu, shi ke aika wa tsokar bangon saƙo. Ya wallafa wannan a Nature a 1980 shi da John Zawadzki: marubuta biyu, shafi huɗu, kuma a lokacin Furchgott na da shekara 64.

Dubi abin da ya biyo baya. A 1987 ɗakin gwajin Louis Ignarro a Amurka da na Salvador Moncada a Ingila, kowa da nasa gwajin, suka nuna cewa saƙon nan iskar naitirik oksaid ce. Tun 1977 Ferid Murad ya riga ya nuna cewa ta wannan iskar ce tsohon maganin ciwon ƙirji, naitirogilisarin, ke buɗe jijiya. A 1988 Masashi Yanagisawa da abokansa a Japan suka gano cewa shimfiɗar na fitar da wani sinadarin mai matse jijiya, endotelin. Daga nan magunguna suka fito: sildenafil, wato Viagra, a 1998, shaƙar naitirik oksaid ga jariran da jijiyoyin huhunsu suka ƙi buɗewa a 1999, bosentan na hawan jinin huhu a 2001. Aka ba Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel a 1998. Moncada kuwa, wanda yana cikin waɗanda aka fi ambata a duniya a shekarun 1990, aka tsallake shi, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce mai yawa, kuma ni ina cikin masu ganin ba a kyauta masa ba. Amma wannan zance ne na wata rana.

Abin da nake so ka ɗauka daga labarin shi ne irin ambaton da maƙalar 1980 ta samu. Mutane sun karanta, sun koma ɗakunan gwajinsu, sun goge cikin jijiyar ɓera da ta kare da ta ɗan Adam, suka ga abin da ya gani, suka ɗora nasu a kai. Wannan za ka iya dubawa da kanka a aikin farfesanka. Zaɓi maƙalarsa guda ta gwajin asali, buɗe jerin waɗanda suka ambace ta, ɗauki ashirin da ba ɗalibansa ko abokan rubutunsa ba, ka nemo jimlar da aka ambace shi a ciki. Za ka ga mafi yawa ambaton gaisuwa ne, an jera shi cikin lambobi shida a ƙarshen jimla irin ta "aikin shimfiɗar jijiya na lalacewa a ciwon sukari". Nemi waɗanda suka ce sun bi hanyarsa, ko sun sami abin da ya samu a wata jijiyar ko wata dabbar. Ko waɗanda suka yi gwaji don su ƙaryata shi ma alama ce mai kyau, domin ba a ɓata wata shida da kuɗin bincike a kan abin da bai kai ya kawo ba. In cikin ashirin ka sami biyar irin waɗannan, mutumin ya motsa fagen. Aikin yini biyu ne.

Ka kuma duba ko abin da aka yi ta ambata ya tsaya da ƙafarsa, domin fagen nan ya sha ganin guguwa. Bayan an gano naitirik oksaid, an yi ta rubutu cewa ƙara wa mutane sinadarin da jiki ke yin ta da shi, wato arjinin, zai gyara jijiyoyinsu. Da aka gwada shi a kan waɗanda suka yi bugun zuciya, sakamakon da ya fito a 2006 bai nuna amfani ba, an ma dakatar da gwajin saboda mace-mace a ɓangaren masu shan sa. Haka aka yi da bitamin E, haka da rage sinadarin homosistin ta hanyar bitamin B: dubban maƙaloli, dubban ambato, sannan manyan gwaje-gwaje a kan marasa lafiya suka kasa nuna raguwar bugun zuciya. Ba na zargin waɗanda suka yi aikin farkon, haka ilimi ke tafiya, amma ambatonsu na nan a shafukansu bai ragu da ko ɗaya ba. Mafi muni, a 2018 Jami'ar Harvard da asibitin da ke haɗe da ita suka nemi a janye maƙaloli 31 daga ɗakin gwajin Piero Anversa a kan ƙwayoyin da aka ce suna sabunta tsokar zuciya, bayan an shafe shekaru ana ambatonsu. Saka sunan farfesan a rumbun Retraction Watch mai tattara maƙalolin da aka janye, ka kuma duba PubMed, rumbun maƙalolin binciken lafiya, ko akwai maƙalarsa da aka yi wa tambarin janyewa. Minti biyar ne.

Wani abin da ke rikita gwadawa shi ne girman unguwar da mutum ke aiki. Masu rubutu a kan toshewar jijiyoyin zuciya da hawan jini a asibiti dubbai ne, kowa na ambaton kowa. Masu leƙa jijiyoyin da ba a gani sai da madubin ƙara girma ba su da yawa, mujallunsu irin su Microcirculation da Journal of Vascular Research ƙanana ne. Alhali a waɗannan ƙananan jijiyoyi ake yanke hukuncin hawan jini, domin bisa dokar Poiseuille, in faɗin bututu ya ragu da rabi, abin da ke wucewa ta cikinsa zai ragu ninki 16. Mai h 25 a fagen ƙananan jijiyoyi na iya fin mai 50 a fagen asibiti nauyi. Don rage wannan rashin adalci Cibiyoyin Lafiya na Amurka suka fito da wani awo a shafinsu na iCite, wanda ke gwada maƙala da takwarorinta na fanni ɗaya, inda 1.0 ke nufin tsaka-tsakin maƙalolin da cibiyoyin suka ɗauki nauyi. Kyauta ne, ka gwada shi a kan maƙaloli goman nan.

Ma'aunin tasirin mujalla, wato matsakaicin ambaton da maƙalolinta ke samu, ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba. Eugene Garfield ya tsara shi don auna mujallu, yana ƙirga ambaton shekara biyu ne kacal, kuma 'yan maƙaloli kaɗan ke ɗaga shi a kowace mujalla. Sanarwar San Francisco ta 2012 ta roƙi jami'o'i su daina auna mutum da shi. Aikin jijiyoyi a hankali yake nuna, abin da William Bayliss ya rubuta a 1902, cewa jijiya kan matse da kanta in matsin jini ya ƙaru a cikinta, har gobe ana ambatonsa.

Sai matsayin suna. A al'adar binciken lafiya, na farko shi ya yi aikin hannu, na ƙarshe shi ne mai ɗakin gwajin da ya ja ragama, na tsakiya kuwa daga wanda ya yi wata uku yana awo har wanda ya ba da aron na'ura. Ƙirga cikin 140 ɗin nawa ne yake farko ko ƙarshe. Yawan ambaton kai ma ka duba, Scopus na da maɓallin cire shi. Kowa na ambaton kansa, tunda aikin yau a kan na jiya yake hawa, amma in ka cire sai h ya faɗo daga 42 zuwa 30, ruwa ba ya tsami banza.

Duk wannan bai kai karanta sashen hanyoyin gwaji na maƙaloli uku ba, domin abin da za ka gada daga wurinsa ke nan. Ga abin da idona ke fara nema. In ya ce adadin gwajinsa 12, dabbobi 12 ne, ko zobba 12 da aka yanko daga ɓeraye uku? Zobban jijiyar dabba ɗaya ba shaidu ne masu zaman kansu ba, kuma wannan kuskure ya cika rubuce-rubucen fagenmu. Kafin gwaji, ya tabbatar shimfiɗar cikin jijiyar na da rai, ta hanyar matse ta sannan ya ga ta saki da asetilkolin? Da ya ga jijiya ta kasa saki, ya gwada ta da maganin da ke buɗe tsoka kai tsaye, irin su naitiropurusaid, don ya bambance ko laifin shimfiɗa ne ko na tsoka? Maza zalla ya yi amfani da su ko har da mata? An daɗe ana aiki da ɓeraye maza kaɗai, har sai da Cibiyoyin Lafiya na Amurka suka wajabta la'akari da jinsi daga 2016. Sannan wace jijiya? Na sha ganin wanda ya auna babbar jijiyar ɓera ya rufe maƙalarsa da bayani a kan hawan jinin ɗan Adam, alhali a manyan jijiyoyi naitirik oksaid ke da rinjaye, a ƙanana kuwa wata hanyar ta daban, mai sauya cajin lantarkin tsoka, tana ɗaukar kaso babba. Mai binciken da ya san iyakar abin da gwajinsa zai iya faɗa, za ka gane shi tun daga yadda ya rubuta sakin layin ƙarshe.

Tunda kai malami kake nema, akwai abin da ya fi duk lissafin nan shafarka. Ware maƙalolin shekara biyar na baya-bayan nan. Har yanzu akwai gwajin asali da ke fitowa daga ɗakinsa, ko bita da takardun kwamiti suka rage? Su wa ke zuwa farko a jerin sunayen? In ka ga sunaye na sauyawa, kowane ya fito farko sau biyu ko uku sannan daga baya ka gan shi yana wallafa nasa a wani wuri, wannan ɗaki ne da ake shiga ɗalibi a fita malami. In kuwa shi ne farko shi ne mai karɓar wasiƙa a kusan komai, ɗalibai na cunkushe a tsakiya, ka yi tunani sau biyu. Nemo biyu daga cikin tsofaffin ɗalibansa ka tambaye su sau nawa suke ganinsa a wata, da kuma wata nawa rubutunsu ke kwana a teburinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranar da za ka gana da shi, ka tafi da maƙalarsa guda da ka karanta sosai, ka tambaye shi wane sakamako ne a cikinta yake ganin bai tsaya ba da aka sake gwadawa, da kuma abin da zai sauya in yau zai yi ta. In ka tattaro jerin goman farkon da shekarar da ya fara wallafa, turo mini, mu duba su tare.